Yadda Turanci Yake Faɗin Ɗan Hargitsi da Rashin Kimtsi a Hirar Yau da Kullum

Turanci ya raba abubuwa biyu da ɗalibai da yawa suka saba haɗawa a kalma ɗaya, wato ƙazanta da rashin kimtsi. Ɗakin da ƙura ta lulluɓe, ko kwanon da aka bari da sauran miya har ya yi tsami, shi ake kira "dirty". Ɗakin da aka share fes, amma littattafai na zube a kan gado, takalmi ɗaya a bakin ƙofa ɗayan a ƙarƙashin kujera, wannan a kunnen Baturen Ingila "untidy" ne ko "messy". Na farko zargi ne da yake taɓa mutuncin mai ɗaki. Na biyu ɗan tsokaci ne da ake iya yi ana dariya. Hausa ma ta san wannan rabo, domin dabam ne a ce wa mace ƙazama, dabam ne kuma a ce ɗakinta ya yi kaca-kaca da kayan wasan yara. Matsalar ita ce Turancin makaranta yakan tsaya a kan "dirty" da "disorganised", alhali yawancin abin da masu harshen suke faɗa a gida da wurin aiki yana tsakanin waɗannan biyu ne.

Kalmar da aka fi ji a wannan fage ita ce "mess". Asalinta ba shi da alaƙa da hargitsi ko kaɗan. Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci wajen shekara ta 1300, kuma ma'anarta a lokacin ita ce kason abincin da aka zuba wa mutum. Daga nan ta koma nufin mutanen da suke cin abinci tare, abin da ya sa har yau ɗakin cin abincin sojoji a bariki, na hafsoshi ko na kurata, ake kiransa da wannan suna. Da tafiya ta yi tafiya sai aka riƙa kiran abincin da aka dama ya cakuɗe da ita, kuma a ƙarni na 19 ta zama sunan duk abin da ya yamutse. Kalmar "tidy" ma haka ta yi tafiya mai nisa. Daga "tide" take, wadda a tsohon Turanci take nufin lokaci, don haka abin da yake "tidy" a da shi ne abin da ya zo a kan kari.

A wajen nahawu, "mess" suna ce da galibi ba ta tafiya ba tare da "a" ko "the" ba. Ana cewa "the room is a mess", kuma barin wannan ɗan harafi kuskure ne da ake yawan yi. Siffarta ita ce "messy", aikatau kuma "mess up", wanda yake ɗaukar ma'ana biyu: a birkita kaya, ko a tafka kuskure. Akwai kuma tarko guda biyu. A Ingila "dog mess" kashin kare ne a bakin hanya. A Turancin buroka na Nijeriya kuwa "mess" tusa ce, shi ya sa malamin da ya shiga aji ya tambayi wanda ya yi "mess" yana nufin takardun da aka watsar a ƙasa, yakan ga yara sun fashe da dariya bai san dalili ba.

Abin da yake mayar da hargitsi ya zama ɗan hargitsi shi ne ƙananan kalmomin da ake jingina wa sunan. "A mess" hukunci ne kai tsaye. "A bit of a mess" ya sassauta shi. Haka "a little messy", da "a tad untidy" a bakin mutanen Ingila, da "kind of messy" a bakin Amurkawa. Aikinsu ɗaya da na "ɗan" a Hausa, kamar a ce ɗakin ya ɗan hargitse. Sai dai Turawan Ingila suna da wata ɗabi'a ta rage girman magana, wadda masaniyar al'adu Kate Fox ta yi dogon bayani a kanta a littafinta "Watching the English" na 2004. Saboda wannan ɗabi'a, "a bit of a mess" tana iya nufin kofuna uku da ba a wanke ba, tana kuma iya nufin kamfanin da yake gab da rugujewa. Ba kalmar ce take bayyana girman abin ba, muryar mai magana ce da yanayin da ake ciki. Wanda shugabansa na aiki ɗan Ingila ya gaya wa cewa rahotonsa "a bit of a mess" ne, bai kamata ya kwantar da hankalinsa da jin "a bit" ba. Mai yiwuwa ana nufin ya sake rubutawa daga farko.

Akasin haka ma yana faruwa. Matar gida takan tari baƙo a ƙofa da "excuse the mess" ko "sorry about the mess", alhali ta yi safiya tana goge-goge, falon kuma tsaf yake. Wannan ba bayanin halin ɗaki ba ne, gaisuwa ce, irin yadda Bahaushe yake ajiye wa baƙo tuwo da miya da nama ya ce ga ɗan ruwa. Amsar da ta dace ita ce a musa, a ce ai babu komai, ko a ce nawa ya fi haka. Baƙon da ya waiwaya yana dubawa ya ce lallai kam akwai aiki, ya yi ɓaranɓarama.

Wani rukuni na waɗannan kalamai yana kwatanta ɗaki da wani mugun wuri, kuma a nan ne mai koyo ya fi ruɗewa, domin kalmomin da kansu masu nauyi ne amma ana faɗinsu da wasa. A Ingila "tip" ita ce bolar da hukuma ta ware don zubar da shara. Uwa takan leƙa ɗakin ɗanta ta ce "your room is a tip", ba kuma tana nufin juji na gaske ba, tana nufin tufafi a ƙasa da gado ba a gyara ba. Amurkawa ba sa amfani da "tip" a wannan ma'ana. Akwai kuma "it looks like a bomb's hit it", wato kamar bam ya tashi a ciki, da 'yar'uwarta "bombsite", sunan da aka san kangayen da suka rage a Landan da sauran birane da shi bayan ruwan bama-baman Jamus na 1940 da 1941. A Amurka, inda mahaukaciyar guguwa take rusa garuruwa a tsakiyar ƙasar kusan duk shekara, sai ka ji an ce ɗakin kamar "tornado" ta bi ta cikinsa. Kowa da abin da ya sani yake kwatance.

"Dump" ta bambanta da waɗannan, ko da yake ita ma bola take nufi. "Tip" tana magana a kan halin da ɗaki yake ciki yau, wanda awa ɗaya na gyara zai kawar. "Dump" tana kushe wurin kansa: gini ya tsufa, fenti ya kwaile, unguwar ba ta da kyau. Wanda ya kira gidan abokinsa "dump" ya yi masa gori ne, ba raha ba.

Sai kalmomin dabbobi, waɗanda suke buƙatar taka-tsantsan a ƙasar Hausa. "Pigsty" garken alade ne, kuma a Ingila da Amurka iyaye suna jefa wa 'ya'yansu ita ba tare da kowa ya ɗauke ta zagi ba. "A dog's breakfast", wato karin kumallon kare, aiki ne da aka haɗa barkatai, misali jadawalin jarrabawa da darussa suka hau kan juna. "A dog's dinner" ma ana faɗinta da wannan ma'ana, sai dai tana da wata ta biyu, ta mutumin da ya caɓa ado har ya wuce misali. "To make a pig's ear of" wani abu kuwa shi ne a ɓata aikin da hannu, kamar tela ya yanka yadi a karkace. A wurin masu harshen duk waɗannan raha ce. A Kano ko Damagaram, haɗa mutum ko ɗakinsa da alade ko kare magana ce da za ta iya raba zumunci, ko da cikin Turanci aka faɗe ta. Sanin ma'anarsu wajibi ne ga mai karatu da mai kallon fim, amma furta su ga Bahaushe wani abu ne dabam.

Rukunin da ya fi kusa da kunnen Bahaushe shi ne na kalmomi masu tagwayen sauti. Hausa tana da kaca-kaca, faca-faca, buzu-buzu, wujiga-wujiga, inda ake maimaita kalmar gaba ɗaya. Turanci shi ma yana maimaitawa, amma yakan sauya baƙin farko ko wasalin tsakiya. "Higgledy-piggledy", wadda take cikin harshen tun ƙarshen ƙarni na 16, tana siffanta abubuwan da aka jibge ba jeri, kamar littattafai a kan kanta wasu a tsaye wasu a kwance, ko gidajen tsohuwar unguwa da lungunansu suka karkace. "Topsy-turvy" ta girme ta da shekaru da dama, kuma tana nufin abin da kansa ya koma ƙasa, shi ya sa aka fi amfani da ita ga al'amura: makon da aka yi biki a gida, barci ya koma rana aiki ya koma dare. "Helter-skelter" gudun ɗimuwa ne, kowa ya yi ta kansa. "Hotchpotch" ta Ingila, wadda Amurkawa suke kira "hodgepodge", asalinta sunan wani dafa-duka ne na Faransawa, kuma babu fassarar da ta fi dacewa da ita kamar haɗin gambiza. Duk kalmomin wannan rukuni suna da sauƙi a zuciya. Sautinsu kaɗai ya isa ya nuna ba faɗa ake yi ba, don haka su ne mafi aminci ga wanda yake tsoron ɓata wa wani rai.

"Shambles" ita ce mai tarihin da ya fi jini. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin ɗan benci, ta shiga tsohon Turanci da ma'anar teburin da ake baje haja. Sannu a hankali ta keɓanta ga teburin mahauta, sannan ga layin mahautan gaba ɗaya. A birnin York na arewacin Ingila har yanzu akwai wani tsohon lungu mai suna The Shambles, inda ake iya ganin ƙugiyoyin rataye nama a gaban wasu shaguna, ko da yake yau masu yawon buɗe ido ne suke cika shi. Daga kasuwar nama kalmar ta koma nufin kwata, daga kwata ta koma fagen fama da gawarwaki suka cika, sai a ƙarni na 20 ta huce ta zama sunan duk wani abu da tsari ya kufce masa. Ko da yake tana ƙarewa da "s", tilo ce: "the meeting was a shambles". Kuma ta fi dacewa da shiri fiye da ɗaki. Taron da aka kira ƙarfe goma ba a fara ba sai azahar, lasifika ta ƙi aiki, kujeru ba su isa ba, babban baƙo bai san an sauya zaure ba, wannan shi ne "a shambles". Ta fi "mess" zafi domin tana ɗora laifi a kan wanda ya shirya. Daga gare ta aka ƙera siffar "shambolic", sannan a 2009 wani wasan barkwancin siyasa na BBC mai suna "The Thick of It" ya ƙirƙiro "omnishambles", wato rikicewa ta kowace fuska. A 2012 shugaban 'yan adawa Ed Miliband ya jefi kasafin kuɗin gwamnati da ita a zauren majalisar dokokin Birtaniya, kuma a ƙarshen shekarar masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekara a Birtaniya.

"At sixes and sevens" tsohuwar magana ce da dattawa suka fi riƙewa, tana nufin mutum ko gida yana cikin ruɗani, kamar ranar da aka tare a sabon gida ba a san inda cokali yake ba. Akwai labarin da ake yawan bayarwa a kan asalinta. A 1484 ƙungiyoyin sana'a biyu na Landan, ta teloli da ta masu fataucin fatu, suka yi jayayya a kan wace ce ta shida wace ce ta bakwai a jerin girma, magajin gari ya yanke cewa su riƙa karɓa-karɓa duk shekara. Jayayyar ta faru da gaske, kuma har yau suna musayar matsayin. Amma maganar ta riga rigimar, domin wani salo nata yana cikin waƙar Geoffrey Chaucer mai suna "Troilus and Criseyde", wadda aka rubuta kimanin shekara ɗari kafin nan, kuma masana sun fi karkata ga cewa daga cacar ɗan lido ta samo asali.

Tarin kaya yana da nasa kalmomin. "Clutter" ita ce tarkace ko shirgi: kayan da ba datti ba ne, ba kuma lalatattu ba, yawa kawai suka yi wa wurin. Tsofaffin caja, kwalayen waya, katunan biki, robobin da aka ce wata rana za su yi amfani. Ƙananan irin waɗannan su ne "odds and ends", ko "bits and bobs" a Ingila, kuma aljihun teburin da ake cusa su ciki shi ne "junk drawer". Aikatau "declutter", wato rage shirgi, ya bazu sosai bayan littafin Marie Kondo 'yar Japan, wanda aka fassara zuwa Turanci a 2014, da shirinta na Netflix a 2019. Ga wanda ba ya son amsa laifi kuma akwai kalmomin kare kai. "Lived-in" tana nufin gida ne da ake rayuwa a cikinsa, ba ɗakin baje koli ba, kuma kusan yabo ce. "Organised chaos" ita ce hujjar ma'aikacin da takardu suka binne teburinsa amma ya rantse ya san inda kowace take.

Idan aka koma kan mutum da kansa, "scruffy" ita ce ta yau da kullum: riga ba guga, takalmi ba gogewa, gemu ba gyara. "Unkempt" asalinta wanda bai taje kai ba ne, "dishevelled" kuma daga kalmar Faransanci ta gashi take, amma su biyun sun fi zama a rubutu fiye da baki. Akwai kwatance mai ban dariya na Ingila, cewa mutum kamar an jawo shi ta cikin shinge da baya, "dragged through a hedge backwards", wanda ake yi wa yaron da ya dawo daga wasa wujiga-wujiga. "Hot mess" ta Amurka ce. A ƙarni na 19 abinci mai zafi take nufi, yanzu kuwa mutum ne da al'amuransa suke a birkice amma yana da farin jini duk da haka. Mutum yakan faɗe ta a kan kansa, ko ƙawa ta faɗa wa ƙawarta. Ba a gaya wa na gaba.

Ruɗewar tunani da ta aiki ba su da wuyar bayani. "All over the place" tana hawa kan komai: takardu, gashi, jawabi, ko hankalin mai jego. "Scatterbrained" mai mantuwa ne da hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma akwai tausayi a cikinta. "Sloppy" da "slapdash" babu tausayi, domin suna nufin aikin ganin dama da aka yi don a rabu da shi. "Go haywire" ta na'ura ce ko shiri da ya kauce hanya. Asalinta siririyar wayar ɗaure damin ciyawa ce, wadda masu saran katako a Amurka suke ɗaɗɗaure lalatattun kayan aiki da ita a farkon ƙarni na 20.

Babu ɗaya daga cikin kalmomin hirar nan da ta dace da takardar neman aiki, ko rahoton ofis, ko wasiƙar hukuma a jarrabawar WAEC da NECO. A can ana buƙatar "untidy", "disorganised", "poorly organised" ko "in disarray". A wasiƙar aboki ko cikin zancen 'yan wasa a ƙagaggen labari kuwa, kalmomin hira su ne suke sa rubutu ya yi rai. Akwai kuma ƙa'idar da ba a rubuta ba: mutum yana da 'yancin kiran ɗakinsa "tip" ko "pigsty" yadda ya so, amma ɗakin wani sai da kusanci, kuma maganar tana gangarowa ne daga babba zuwa ƙarami.

Turancin Nijeriya ya ƙera nasa kalmomin a wannan fage, kuma daidai suke a inda ake fahimtarsu. "Jagajaga" ta buroka ta karaɗe ƙasar, musamman bayan waƙar Eedris Abdulkareem, haifaffen Kano, mai wannan suna a 2004. "Anyhow" tana nufin yin abu sakaka. Guda biyu ne suke kawo rashin fahimta idan an fita waje. A Nijeriya ana cewa "the room is scattered", amma a Turancin Ingila da Amurka kayan ne suke "scattered", ba ɗakin ba, kuma idan Ba'amurke ya ce mutum yana "scattered" hankalinsa yake nufi. Haka "rough": ɗan Nijeriya yana kiran rigar da ba a goge ba "rough", inda ɗan Ingila zai ce "creased" ko "crumpled", Ba'amurke ya ce "wrinkled". Wanda ya gaya wa abokin aikinsa a Landan "you look rough" yana nufin rigarsa ta yamutse, abin da abokin zai ji shi ne kamar ba shi da lafiya, ko kuma ya kwana yana shan giya.